Kuɓewata a Mararrabar Bohikon

Tun da na dawo daga ƙasar Benin ban huta da tambaya ba. In na je kasuwa a tambaye ni, in na je gidan suna a tambaye ni, har a wurin zaman makoki wata ta matso tana yi mini raɗa: "Rabi, wai da gaske an kusa dukanki can saboda tsahi?" Labarin ya bi bakin mutane ya yi ƙiba, har na ji wai na kwana a hannun jandarmomi. Ban kwana a hannun kowa ba. Ga shi zan rubuta tun daga farko da 'yar Hausar da na koya a ajin yaƙi da jahilci, wadda ta sake tambayata ta nemi mai karanta mata.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata shanya. Mu mata da yawa ne a unguwarmu ta bayan kasuwar Madarunfa. Muna sayen kuɓewa da tumatir da tattasai wurin masu lambun bakin tabki lokacin da suka yi araha, mu yanka, mu busar, mu ajiye sai sun yi daraja. Tun da kwaltar Maraɗi ta iso bakin gari muka gane babu wurin shanya kamarta. Ka share gefenta ka baza kaya, zafi na dukansu ta sama yana dukansu ta ƙasa, kuma babu yashi. Aibinta ɗaya, nisa. Kullum sai mun ɗauki buhu a ka mun tafi can, mu wuni muna korar awaki.

Sai ga wasu masu furoje, wato masu aikin raya gari, sun zo wurin magajin gari da maganar gyara titin da ya ratsa unguwarmu. Suka ce abu biyu ne, gari ya zaɓi ɗaya: ko baƙar kwalta irin wadda muka sani, ko fabe, wato ƙananan tubalan siminti da ake jerawa, nasu kuma masu haske ne, kusan farare. Wai farin abu mayar da rana yake yi, baƙi kuwa shanye ta yake ya riƙe, shi ya sa unguwa mai farin titi ba ta kai mai kwalta zafi ba. 'Yan tasha suka ce kwalta. Masu shagunan bakin titi suka ce fari. Aka ce to saura mata, inda suka karkata nan za a bi. Masu furojen suka ce kafin nan za su kai wakilai wani gari a Benin inda aka yi irin titin, su gani da idonsu.

Ni aka zaɓa cikin mata, ba don na fi kowa ba. Katina na shaida bai mutu ba, mijina ya rasu, ba ni da goyo, kuma an san bakina ba shi da nauyi.

Amma akwai abin da kowa ya sani game da ni. Tun da na fita takaba na koma gidan mahaifina ina zaune da Iya, ɗakinta kuwa bangonsa shi ne bakin titin nan. Iya ta tsufa, in bazara ta kankama numfashinta sama-sama yake yi. Na taɓa dafa bangon wani gida da ke jikin kwaltar bakin gari bayan magariba, na ji shi kamar gefen tanda. Don haka ni fari nake so, ban kuma ɓoye wa kowa ba.

Ana gobe tafiya Yaya Tasalla, shugabar ƙungiyarmu, ta shigo gidanmu. Da shanyar nan take ciyar da jikokinta marayu. Ta gaida Iya, ta ja ni zaure.

"Rabi, mun san inda zuciyarki take, ba mu ce ki canza ta ba. Amma ba kallon titi munka aike ki ba. Ki yanka kuɓewa ki baza bisa hwarin nan, ki baza bisa baƙi, ki dawo ki hwaɗa muna abin da kinka gani. Amana ce."

"Yaya, ni za a koya ma amana?"

"Ke ɗin. Uwa ba wasa ba ce."

Na ji haushi ƙwarai, amma na ɗauko wuƙar yankan kuɓewata na naɗe a tsumma na tura cikin jaka.

Mu uku muka tafi. Akwai Alhaji Mati na 'yan tasha, ƙaton mutum mai ƙatuwar murya, da Mushe Illa, tsohon malamin lakkwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, wanda masu shaguna suka wakilta, shi ne kuma bakinmu a faransanci. Da asuba muka shiga babbar mota a Maraɗi. Tun kafin mu fita gari Alhaji ya fara koya wa direba tuƙi daga kujerarsa, Mushe kuma duk allon da muka wuce sai ya karanta mana shi da ƙarfi, kamar mun biya shi. Kusa da ni wata Bazabarma ce mai fataucin turare. Ba ta jin Hausa, ba na jin Zabarmanci, amma da ta ga na ɗaga gora zan sha ruwa sai ta riƙe hannuna, ta nuna direba, ta girgiza kai. Na gane nufinta daga baya, don mutumin nan ba ya tsayawa sai ya ga dama.

Iya ta dama mini fura da nono a jarka, ta ce kada in ci abincin hanya. Na tura jarkar ƙarƙashin kujera na manta da ita. Rana ta yi, furar ta yi tsami, jarka ta kumbura. Muna dab da Dogon Dutsi na jawo ta, ina taɓa murfin sai ya tashi sama, fura ta bi shi. Rabinta a bayan babbar rigar Alhaji Mati ta sauka. Ya juyo yana salati, na ce ya yi haƙuri, ya ce: "Hajiya, ni ke wakiltar direbobi ko ni ke wakiltar ƙwarya?" Har Doso ƙudaje na rakiyarsa, kuma daga nan direba ya huta da shi.

A Gaya muka kwana, a rumfar tasha, mata gefe maza gefe. Kifinsu da daɗi, sauronsu kuma ya fi namu na bakin tabki rashin kunya. Lokacin ba a rufe gada ba, don haka da safe muka haye kogi muka shiga layin bincike a Malanbil. Wani jami'in duwan, wato kwastan, ya zazzage jakata, ya warware tsumma, ya ɗaga wuƙa. Mushe ya gyara tabarau ya shiga faransanci, yana bayanin furoje da zafin birane, yana ta ja kamar huɗuba. Jami'in ya bar shi ya gama, sannan ya dube ni ya ce da Hausa garau:

"Hajiya, me za ki yanka a ƙasarmu?"

"Kuɓewa."

"Taku ta ƙare ne?"

"Tamu na nan. Taku nika son gwadawa."

Ya yi dariya ya miƙo mini abata. Wanda ya sha wahalar iyaka Alhaji ne, don ba shi da katin rigakafi, aka ce sai an yi masa allura a nan take. Mutumin da ke tsawata wa tasha guda, sai ga shi ya runtse ido ya kama hannun Mushe gam. Ya roƙe ni kada in faɗa a gida. Ban yi masa alkawari ba.

Daga nan ƙasa ta fara canzawa. Itatuwa suka ƙaru, iska ta yi nauyi, gumi ya daina bushewa a jiki. Abin da ya fi ɗaukar idona mata ne. Mace ta hau babur da kanta, goyo a baya, kwandon doya a gaba, ta tsaya ta yi wa namiji masifa a tsakiyar titi ta wuce. Mata da miji su ɗinka atamfa iri ɗaya su jero, ba kunya. A Faraku muka ci sakwara da soyayyen cukun Fulani a cikin miya, har na ƙara. Alhaji ya ce babu abin da ya kai tuwon gero, amma malmala biyu ya tashi da su.

Garin da aka kai mu Bohikon sunansa. Aka sauke mu a wani masauki, kowa da ɗakinsa da makullinsa. Ni tun da aka haife ni ban taɓa kwana ni kaɗai a ɗaki a kulle ba, sai na bar ƙofa a buɗe. Ma'aikaciyar gidan ta wuce ta ja ta. Na buɗe. Ta dawo ta sake ja. Haka muka yi ta yi har ta gaji ta bar ni da halina. Abincinsu kuwa manja ne a kan komai. Akwai wani abu da suke naɗewa a ganye, kamar koko ne ya daskare, da tsami-tsami, ana ci da miya. Aka kawo mini miyar kuɓewa na yi murna, ina jan loma sai ga ƙafar ƙaguwa. Na tura kwanon gaban Mushe, shi da ya ce ya zaga duniya. Na lura ɗanyar kuɓewa kawai suke ci, ban ga busasshiya ko a faifai ɗaya ba. Na lura kuma a ƙofar wasu gidaje akwai ɗan tudun ƙasa da aka zuba wa manja da gari. Na ɗaga yatsa zan nuna, Mushe ya ce in sauke hannuna, abin bautarsu ne.

Injiniyar da ta zaga da mu mace ce, yarinya ƙarama da hular kwano. Da tsakar rana ta kai mu unguwar farin titin, wai don mu ga mafi muninsa tukuna. Gaskiya ido yana shan wuya. Hasken yana tasowa daga ƙasa ya doki fuska, sai ka yi ta ƙifce-ƙifce, kuma na ga masu shaguna duk sun ƙara rumfa. Alhaji ya tuɓe takalmi ya taka kwalta, ya yi tsalle ya koma. Ya taka fari, ya tsaya, ya daɗe. Bai ji daɗin hakan ba, sai ya koma kan gaɓoɓin tubalan, ya ce wannan gargada za ta kwance wa mota kusoshi. Injiniyar ba ta musa masa ba. Ta ce da rana ido ke biya, da yamma ake cin riba, mu dawo bayan magariba mu taɓa bango.

Ni dai aikin da aka aiko ni daban ne. Washegari da safe, maza sun tafi kallon inda ake buga tubalan, na ce kaina na ciwo. Na shiga kasuwa na sayi kuɓewa da jan barkono da nuni da yatsa. Na roƙi mai girkin masauki toka, ta ba ni a leda tana kallona. Sai na tafi neman inda baƙi da fari suke kusa da juna, don kada a ce rana ɗaya ta fi wata. Wuri ɗaya na samu, inda farin titin ya fito ya haɗu da babbar kwalta. Mararraba ce, amma ni ban kawo komai a raina ba.

Na share gefen nan, na share gefen can. Na zauna na yanka kuɓewa, na raba biyu daidai, na baza kowane kashi a wurinsa, na jera jan barkono a gefe. Na zagaye kowanne da toka saboda tururuwa, kamar yadda kowace mace take yi a garinmu, ina bisimilla a hankali kamar kullum. Na ɗora duwatsu a kusurwoyi don a san da mai shi. Sannan na tsallaka inuwar wani bango na zauna ina gadi, wuƙata a cinya.

Ba a daɗe ba na fara yabon mutanen garin a zuciyata. Mai babur ya taho, ya hangi shanyata, ya yi kwana ya bi ta can nesa. Mata masu talla suka iso, suka tsaya cak, suka juya. Wani dattijo har hularsa ya cire. Na ce kai, ga inda aka san darajar shanya, ba irin namu ba da mai amalanke zai bi ta kan tumatirinka ya ce bai gani ba.

Ashe akwai wata mai sayar da abinci da rumfarta ke kallon kashin da na baza a kan fari. Tun safe babu wanda ya tsallaka ya zo wurinta. Sai ga ta ta fito, ƙatuwar mace, hannu biyu a ka, tana kururuwa da yarensu tana nuna ni. Kafin in miƙe mutane sun taru. Wata ta kama bakin mayafina. Ni kuwa ba a taɓa mayafina in yi shiru. Na tashi ina ba su amsa da Hausa, ina nuna kuɓewa, ina nuna rana, na manta da wace aba nake nunin. Duk inda na juya wuƙar sai mutanen wajen su ja baya su ƙara ihu. A nan ne tsoro ya kama ni.

Allah ya kawo wani mahauci yana tura naman sa a baro. Ya ji Hausa ya kutsa. Sunansa Nomau, Bagobiri ne, ya shekara da shekaru a zangon garin.

"Baiwar Allah, aje wuƙar nan tukuna. Daga ina?"

"Madarunfa."

"Bakatsina! Ai dole. Mi kika yi ma matar ga?"

"Mi na yi mata? Shanya nika yi."

"Shanya? Bisa mararraba, da jan barkono, da da'irar toka, kina motsa baki? Ta ce an biya ki ki kashe mata kasuwa."

Na sake duban abin da na shimfiɗa, sai na ga abin da suke gani. Dangin Iya na wajen uwa Anna ne, masu addinin gargajiya, a ƙauyukan Sarkin Yamma, har gobe suna kan al'adarsu, kuma na san abin da ake kai wa mararraba. Da a gida na tarar da irin wannan a ƙofarmu da safe, ni ma ba zan tsallaka shi ba. Matar nan tana da gaskiya.

Nomau ya yi ta bayani, ba su yarda ba. Wa zai baro ƙasarsu, ya kwana biyu a mota, don ya busar da kuɓewa a titi? Daga ƙarshe mai abincin, Maman Selestin ake ce mata, ta ce in abinci ne in ci. Na tsallaka tokar na ɗebi ɗanyar kuɓewa na tauna, yauƙi na bin haɓata. Ta nuna barkono. Na ce wa Nomau wannan zalunci ne, ya ce in ci kawai. Na ciji guda. Barkononsu ba irin namu ba ne. Hawaye da majina suka zubo, ina tsalle ina fifita baki, sai taron ya fashe da dariya. Maman Selestin da kanta ta kawo mini ruwa a moɗa, tana bubbuga bayana tana dariya har da riƙe ciki.

Da ta ji dalilin zuwana, da maganar Iya da ɗakinta, sai ta daina dariya. Ta jawo mini benci a rumfarta, ta zuba mini shinkafa, ta hana kowa taɓa shanyar. Masu zuwa kallon mahaukaciyar Nijar suka cinye mata tukunya kafin azahar. Nomau ya fassara mini cewa da can titin nan ma kwalta ne, in yamma ta yi ba ta iya zama a rumfar, yanzu kuwa tsofaffin unguwar a bakin titi suke hira.

Da la'asar sakaliya na je na duba. Na ɗebi ta kan kwalta, ta yi ƙaras-ƙaras a hannu, saura kaɗan. Na ɗebi ta kan fari, tana lanƙwasa, da danshinta. Na ce ƙila kuskure ne. Washegari na sake sayen wata na sake bazawa, wannan karon Maman Selestin ce ta zuba tokar da hannunta. Abin bai canza ba.

Da magariba ta yi na zauna dirshan a kan farin titin, ba tabarma. Ɗumi kaɗan ne, kamar wurin da wani ya tashi. Na dafa bangon gidan da ke kusa, lafiya lau. Na tsallaka wajen kwalta na dafa na can, na janye hannuna. Injiniya ba ta yi ƙarya ba. Na koma benci na zauna, na kasa cin abincin da aka zuba mini.

Na faɗa wa Nomau amanar da matan garinmu suka ba ni, sai ya ce: "To wa ya gani cikin mutanenku? Daga ke sai Allah."

Na ce: "Ai ka ƙirga da yawa."

Na ƙulle ta kwalta a wannan bakin mayafi, ta fari a wancan bakin. Maman Selestin ta rako ni har tasha da ƙullin garin rogo, muka rungumi juna, ba wadda ta ji abin da 'yar'uwarta ta ce. A hanyar dawowa ban yi surutu ba, har Alhaji ya tambaya ko ba ni da lafiya. Da muka hau gadar Gaya na dubi ruwa, na dubi bakin mayafina. Ba zan ce tunanin jefa ƙullin bai zo mini ba. Mota ta wuce da ni da ƙullina duka biyu.

A tsakar gidan Yaya Tasalla aka yi taron, mata cike. Na fara da bango. Na faɗa musu yadda na zauna a ƙasa ba tabarma, da tsofaffin da ke hira a bakin titi, na ce kowace a nan tana da tsoho ko jariri a ɗaki. Na yi magana iyakar iyawata, kuma ranar bakina bai ba ni kunya ba. Suka saurara. Da na gama Yaya ta ce:

"Mun ji bango. Ina kuɓewa?"

Na kwance ƙulli na farko na zuba a faifai, ta zubo da ƙara. Na kwance na biyu. Da yake da danshi na ƙulle ta, ta dunƙule ta yi funfuna. Na ce musu wannan laifin ƙulli ne, da an ƙara mata wuni ko fiye za ta bushe, kuma iskar can ta fi tamu laima.

"Amma rana guda kinka baza su?"

"Rana guda."

"Wuri guda?"

"Taku kaɗan tsakani."

Faifan ya zaga hannu-hannu, kowa ta taɓa ta miƙa gaba. Wata ta ce ƙarin wuni ai rabin kaya ke nan a lokacin araha. Wata ta ce in kwalta ta zo ƙofar gida an huta da ɗaukar buhu. Yaya ba ta dube ni ba, ta ce: "Allah shi ba Iya lahiya. Masu son kwalta su ɗaga hannu." Ban ƙirga ba, babu buƙata. Ban kuma riƙe kowa a zuciya ba, don na san abin da ke cikin tukunyar kowace. Amma na yi kuka a hanyar gida, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Iya na zaune a bakin gadonta. Ta ce: "Auta, kin hwaɗa musu abin da kinka gani?" Na ce na faɗa. Ta ce: "To, madalla. Miƙo min ruwa."

Bayan damina aka zuba kwaltar, baƙa wuluk, sumul, har da kiɗa ranar buɗewa. Lokacin sanyi ba mu ji komai ba. Da bazara ta shigo sai bangon Iya ya fara. Na kafa zana a jikinsa ta waje, na rataya jiƙaƙƙen zane ta ciki, na fito da ita tsakar gida, duk iskar da ke shigowa ta kan titin take biyowa. Ta daina cin abinci sosai, tana magana tana hutawa. Yayana da ke noma a Safo ya zo ya gan ta, ya ce ba zai bar ta a nan ba, can akwai inuwar gawo kuma babu titi.

Da amalanken jaki ya zo ɗaukarta, da hantsi. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu duka. Da muka fito da ita, ta shafa ƙyauren da tafin hannu. Muka shimfiɗa katifa, muka kwantar da ita, na bi amalanken a ƙasa ina riƙe da gefensa. Titin dama da hagu shanya ce, ja da kore, mata na zaune a ƙofar gidajensu, suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna yi mata sallama. Jakin yana tafiya ba ko girgiza.

Iya ta ce: "Titin ga ya yi daɗi, ko kaɗan ban ji a bayana ba."

Mun kusa fita unguwa ta ɗago kai ta dube ni.

"Auta, ba kayan shanyarki ba ne na gani ƙohwar gida?"

"Nawa ne, Iya."

"To koma ki juya shi, kar shi ƙone. Mun gode da rakiya."

Na tsaya har suka sha kwana, sannan na koma. Na durƙusa na sa hannu cikin kuɓewar. Ba ta buƙatar juyi, ta riga ta bushe.